Jinjina ga Gwaggon Benci, Wadda Ta Ƙi Yi wa Tela Magana

Tun kafin maigadi ya gama share harabar ofishin jin daɗin jama'a ake jin ƙarar sarƙar kekenta daga bakin titi. Keke ne mai ƙafa uku, irin wanda ake murzawa da hannu, ya sha walda har ba a gane asalin fentinsa. Takan shigo ta gaida maigadi, ta tambaye shi jikin maiɗakinsa, ta kai keken ƙarƙashin matakalar bene, sannan ta dafa ta koma kan dogon bencin da ke jingine da bango. Daga nan sai ta buɗe jakarta ta ciro ulu da kwarashi. Hulunan jarirai take saƙawa da safa, da su take ci take sha. Ba ta tashi sai an rufe tagar karɓar takardu.

Sama da shekara ashirin ke nan haka take yi, kuma har yau ba a samu mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya a kan ko mene ne aikinta ba. Sabon ma'aikaci yakan rusuna ya gaishe ta, a zatonsa wata babba ce a wurin. Baƙo yakan ɗauka ita ma fayil ɗinta ne ya maƙale a sama. Akwai wani shugaban ofis da aka taɓa kawowa, ya sa akawu ya nemo masa sunanta a cikin ma'aikata, aka duba sama da ƙasa babu. Ya ce to a duba cikin masu jiran tallafi, nan ma babu, nata ya fito tun da daɗewa. Ya sauko da kansa ya tambaye ta me take jira.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba na jiran komai. Zama nake yi."

Ya koma sama yana sosa ƙeya.

Shan inna ne ya taɓa ta tun tana ƙarama, ƙafafun ba su ƙara ɗaukar ta ba. Kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta, in kuma ana so a bambanta ta da sauran gwaggonnin duniya sai a ce Gwaggon Benci. Ƙarshen watan nan za ta daina zuwa, don likita ya ce murza keke ya cinye mata kafaɗu. Wanda ya fi kowa matsawa a yi mata wannan jinjina wani tela ne, shi kuwa da bakinsa ya ce ranar da suka fara haɗuwa ko kaɗan ba ta kwanta masa ba.

Telan nan babbar mota ce ta bi ta kan ƙafarsa ta dama, likitoci suka yanke ta daga gwiwa. Da aka sallame shi ya dawo gida sai ya tarar komai ya juye masa. Ƙafar da babu ita takan yi masa ƙaiƙayi, ya kai hannu ya sosa iska. Mutanen da suka saba tare shi a hanya da "Ina ɗinkina?" duk sun koma "Allah sarki." In an zo duba shi, yana zaune ido buɗe za a juya a tambayi maiɗakinsa, "Ya dai ci abinci?" Har shi ma ya fara jira ya ji amsar da za ta bayar.

Abu guda ya yi wa kansa. Ya sa aka ɗauko masa keken ɗinkinsa daga shago aka kai uwar ɗaki, in gida ya yi shiru sai ya ja kujera ya ɗora ƙafar hagu a kai. Da farko keken baya yake gudu, zare ya tsinke, allura ta karye. A hankali ƙafar ta gane abin da ake so da ita. Ban da maiɗakinsa babu wanda ya sani, don yana tsoron a ce ya zauna ya huta.

Ana cikin haka aka gama sabon ginin kasuwa, bene, aka raba shaguna, nasa ya kasance a sama. Wani maƙwabcinsa ya ce ai a ƙa'idar hukumar kasuwa duk mai katin masu buƙata ta musamman a ƙasa ake ba shi. Katin kuwa a ofishin jin daɗin jama'a ake karɓa. Yayansa, direba, wanda ya ajiye aikinsa ya yi jinyarsa a asibiti har aka sallame shi, ya ce shi zai kai shi.

"Kai dai ka yi shiru," in ji Yaya a hanya. "Na san yadda ake magana da mutanen nan."

Suka iso suka tarar ɗakin da ake ganin guragu da makafi a saman bene yake. Tela ya dubi matakala, ya dubi sandunansa. Yaya ya karɓi takardun ya ce ya jira, ya haye shi kaɗai. Haka tela ya samu kansa a benci kusa da wata dattijuwa mai saƙa.

"Ɗana, me ya kawo ka?"

"Yayana ya hau sama."

"Na gan shi. Kai nake tambaya."

Ya buɗe baki, sai ya ji maganar ta watse masa. Ya fara da motar, ya tsallaka kasuwa, ya dawo asibiti, ya ambaci kati, ya rasa inda zai ɗaure. Ta bar shi har ya yi shiru don kansa, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Ƙafar kawai aka yanke, ko har da harshen?"

Ransa ya ɓaci. Ya matsa can ƙarshen benci, yana cewa a zuci wannan wace irin tsohuwa ce, ita da ta fi shi rashin ƙafa.

Can sai ga Yaya ya sauko fuska a sake. "An gama," ya ce. "Na faɗa musu ƙanena ya tashi aiki, ko cokali sai an miƙa masa, iyalinsa suna wuyana. Saura kaɗan jami'in ya yi hawaye." Tela ya so ya musa, amma ina bakin cewa mutumin da ya wanke maka miki da hannunsa bai faɗi daidai ba? Ya ce an gode.

Kati ya fito kuwa. Sai dai da suka kai shi ofishin kasuwa, akawun wurin ya juya takardar da ta biyo katin, ya ce a nan an rubuta ba ya iya kowane irin aiki, shago kuwa na mai sana'a ne. A take aka cire sunansa. Na sama ya tafi, na ƙasa bai zo ba.

Daga nan tela ya shiga zirga-zirga. A kasuwa a ce ya koma a gyara takarda. A ofishin jin daɗin jama'a, akawun taga ya ce in aka rubuta yana iya aiki, wataƙila a karɓe katin, wataƙila kuma ba za a karɓe ba, shi dai bai taɓa ganin irin wannan ba. Wani ya ce sai likita ya sake dubawa. Likita ya ce me zai duba, ko ƙafar ta sake tsirowa ne? Wani ya ce ya rubuta koke, wani ya ce koke shi ke sa fayil ya ɓace. Yaya kuwa cewa ya yi ba su ji tausayi sosai ba ne, a bari ya koma ya ƙara musu bayani. Tela ya kai matsayin da in an ce masa "Yaya aiki?" sai ya tsaya yana tunanin wace amsa ce ba za ta cuce shi ba.

Ranar da ya dawo bencin shi kaɗai, ya riga ya lura da yadda ma'aikata ke gaida tsohuwar. Ya haɗiye fushinsa ya gaishe ta.

"Gwaggo, na ga duk sun san ki. Don Allah ki sa baki, ki yi mini magana da su."

"A'a."

"A'a?"

"Ba ni da shago a kasuwa, ban san taka keken ɗinki ba. Me zan ce musu?"

"To ni me zan ce? In na ce ina iya aiki, kati ya tafi. In na ce ba na iyawa, shago ya tafi. Wallahi Gwaggo ni kaina yanzu ban san ko ni wanne ne ba."

"Wanne ne gaskiya?"

"Duka biyun."

"To."

"To me?"

"To ka faɗi duka biyun."

"Ai ba su da wurin rubuta duka biyun."

"Wannan kuma ciwon kansu ne, ba naka ba. Ka bar musu kayansu."

Ya zauna yana kallon ta, ya rasa ko taimakonsa take yi ko korarsa. Sai ta ajiye kwarashi, abin da ba ta cika yi ba, ta ba shi labarin da ya ce sau ɗaya tak ya ji ta bayar. Tana budurwa aka yi rabon kayan tallafi, kawunta ya ɗauke ta ya kai. Abin da take so keken hawa ne, ta riƙa kai kanta makaranta. Aka tambayi kawu me yarinya take buƙata, ya ce sana'a. Aka ba ta keken ɗinki, na ƙafa. "Ni da ƙafafun nan," ta ce, ta yi 'yar dariya. "Kawu mutumin kirki ne, har ya rasu yana sa mini albarka. Ni kuwa ina zaune a wurin aka yi, bakina a rufe. Keken ya yi tsatsa a ɗaki, makarantar ta wuce ni."

Ta ɗauki kwarashinta ta ce, "Mu gwada. Yanzu ni ce jami'i. Shigo."

Haka suka yi ta yi, zuwa bayan zuwa. Ya fara magana ta ce ba ta ji ba. Ya ɗaga murya ta ce ba faɗa aka ce ya yi ba. Ya fara da motar ta ce, "Motar ta wuce, me kake so yau?" Ta gaya masa yana da damar ya ce jami'i ya sauko tunda shi ba ya iya hawa. Yana da damar ya ce in za a hana shi a rubuta masa dalili. Yana da damar ya ce bai gane ba, a maimaita, ko sau nawa ne. Tela ya ce anya kuwa, ba za a ce ya yi rashin kunya ba? Ta ce za a ce. Ya jira ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba.

Gwaggo, ke ce wadda maigadi ya gani da idonsa kin miƙa wa wata uwa ulu kin ce ta riƙe miki ki warware, don kawai hannunta ya cika, 'yarta kurma ta karɓi biro ta rubuta wa akawu buƙatarta da kanta. Ke ce kika koya wa wani makaho ya ce ba zai dangwala yatsa ba sai an karanta masa abin da ke jiki, ya je ya faɗa, aka kuwa karanta. Ke ce mai sauraro har mutum ya gaji da kewaye-kewaye ya faɗi abin da ya kawo shi. Ba kowa ne ya gode miki ba. Akwai waɗanda suka tashi daga bencinki suna cewa ba ki da tausayi, ba su sake dawowa ba. Akwai waɗanda suka yi duk yadda kika ce, aka kuma hana su. In an tambaye ki su, kina tune da kowannensu, kuma ba ki taɓa cewa laifinsu ne ba.

Ranar da tela ya ɗaura niyya, Yaya ya ce ƙafarsa ƙafarsa. Suka zo tare. Tela ya dogara sandunansa ya tsaya a gindin matakala, ya ce wa masinja, wani dattijo mai furfura, "Baba, don Allah ka gaya wa jami'i ba na iya hawa. Ina roƙon ya sauko."

Masinja ya dube shi, ya dubi Yaya. "Ai ga ɗan'uwanka, ya hau mana."

"Ni ne mai maganar."

Masinja ya waiwayi Gwaggo, Gwaggo tana ƙirga idon saƙarta. Ya hau yana girgiza kai. Yaya ya matso yana raɗa, "Me ka yi haka? Za ka ɓata mana komai." Aka daɗe, har tela ya fara tunanin ko ya ce a bar shi kawai. Sai ga jami'in ya sauko da fayil a hammata, mutum mai ƙiba, yana haki, da alama shi ma matakalar ba ƙawarsa ba ce. Aka kawo masa kujera ya zauna, ya dubi Yaya ya ce, "To, me ke damunsa kuma?"

Yaya ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, kamar yadda na faɗa maka, wannan bawan Allah..."

Tela ya ɗora hannu a kan gwiwar yayansa. Tun da aka haife shi bai taɓa katse shi ba. "Yaya, yi haƙuri. Bari ni."

Duk abin da suka tsara da Gwaggo ya gudu daga kansa. Abin da ya fito masa shi ne, "Ranka ya daɗe, ba na iya hawa bene. Wannan gaskiya ne. Amma ina iya ɗinki. Shi ma gaskiya ne. Ba abinci na zo roƙo ba, shago nake so a ƙasa." Ya rasa abin da zai ƙara, idonsa ya faɗa kan yayansa. "Rigar nan da ke jikin Yaya ma ni na ɗinka ta. Bayan an yanke ƙafar."

Jami'i ya dubi rigar. Yaya ma ya sunkuya ya dubi rigar, ya kama bakin hannunta yana juyawa. Matar ƙanensa ce ta kawo masa ita kwanakin baya, shi duk a zatonsa saya ta yi.

"Kai ka ɗinka? Da wace ƙafar?"

"Da wadda ta rage."

Jami'i ya buɗe fayil ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam, gaskiya zan gaya maka. Takardar nan gida biyu gare ta, mai iya aiki da marar iyawa. Ban san inda zan sa ka ba. Na daɗe a kujerar nan, kullum wanda ya rako mutum ne yake hawowa, in tambaya ya amsa, in sa alama in wuce."

Tela ya tuna abu ɗaya cikin darasin. Ya ce, "To a rubuta yadda na faɗa."

Jami'i ya juya biro a hannu, ya duba gaba ya duba baya, a ƙarshe ya rubuta a gefen takarda da hannunsa cewa mai wannan kati ba ya hawa bene amma yana sana'arsa, ya sa hannu, ya aika aka kawo hatimi ya buga. Ya ce bai san ko za su karɓa ba.

Da aka watse tela ya zauna a benci. Ya ce, "Gwaggo, na yi daidai?"

"Ka manta rabin abin da muka yi."

"Na sani."

"Amma muryarka na ji, ba ta wani ba. Tashi ka bi yayanka, ya yi gaba ransa a jagule. Ka lallashe shi, mutumin kirki ne."

Ba a nan wahala ta ƙare ba. Ofishin kasuwa sun juya takardar, sun ce ba su taɓa ganin rubutu a gefe ba, suka mayar da shi, ya koma, suka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Kowane zuwa shi yake magana. Wata rana dai aka kira shi aka miƙa masa makulli. Shagon a ƙasa yake, amma can ƙarshen layi kusa da famfo, inda ba kowa ke bi ba. Har yau in ka tambaye shi wace takarda ce ta yi aiki, ko kuwa gajiya suka yi da ganinsa, sai ya ce wallahi bai sani ba. Yaya ya ɗau lokaci yana gaishe shi sama-sama. Daga baya ya zo shagon da yadi a leda, ya ajiye a kan tebur ya ce, "Ka san awona," ya zauna yana kallon ƙafar hagu tana aiki har aka rufe kasuwa.

Da tela ya je ya gaya wa Gwaggo za a rubuta labarinta mutane su karanta, sai ta saki baki. "Nawa? Ni me na yi? Su suka yi maganarsu, ni hula nake saƙawa." Ya yi ta bayani, ta yi ta kallonsa kamar wanda ya zo da wani yare. A ƙarshe ta ce in dai dole ne, a rubuta cewa ɗakin ganin guragu da makafi har yanzu a sama yake, ko wani mai iko zai karanta. To ga shi an rubuta.

Gwaggo, mun gode. Tela ya gode, iyalinsa sun gode, waɗanda suka ji haushinki da safe suka gane da yamma sun gode. Ba a ɗauke ki aiki ba balle a sallame ki da takardar yabo, amma akwai mutane a garin nan da suke buɗe baki a gaban tebur saboda ke. Allah ya ba kafaɗunki sauƙi, ya sa hutun nan ya karɓe ki.

Mu kuma da muka rage, ba sai mun samu benci ba. Kowannenmu yana da wanda yake rakawa asibiti, ko makaranta, ko ofis, uwa ce, ko ƙane, ko ɗa. Mu riƙe masa jaka, mu tura masa keke, mu tsaya a gefensa kowa ya ga ba shi kaɗai ba ne. Amma in an zo tambaya, mu ja baya kaɗan mu ba shi wuri. Zai yi in-ina, zai fara daga tsakiya, za mu ji kamar mu karɓe maganar mu gama masa. Mu daure, mu jira shi ya kai ƙarshe.